Tsamiyar Bayan Gida

Na dawo, Hakama. Miƙo mini buta.
Takalmin aron nan ya ci ƙafata tun daga Gujungu.
Zauna, kar ki hura wuta tukuna,
ba yunwa ce ta dawo da ni ba.

Mutumin nan mai sayen riɗinmu,
wanda yara ke kira Baban Sikeli,
Murugan sunansa, sai jiya bakina ya iya.
Da muka rufe lissafin kaka
ya ce, Jatau, yau ba za ka kwana da shayi ba.

Ya kai ni wani gida a Kano mai ƙofar gilashi,
sanyin ciki kamar ka leƙa sabuwar randa.
Wani yaro mai ɗamara ya ja kujera baya,
na zaci hana ni zama zai yi, na tsaya ƙiƙam.
Cokula uku, wuƙa ɗaya,
farin ƙyalle a tsaye kamar hular ango.
Na ɓoye hannuwana a ƙarƙashin tebur
saboda kantar lauje.

Ya ce wannan girkin kudancinsu ne, can bakin teku,
na arewarsu daban,
yadda miyar Haɗeja ba ta Kazaure ba ce.

Aka kawo sinasir, sai dai an murza shi
ya yi faɗin faifai, ya yi sirantar ɓawon albasa,
an naɗe shi kamar tabarmar baƙo.
Aka kawo waina fara sol
wadda ba ta taɓa gaisawa da tanda ba.
Ƙananan kwanoni bakwai sun kewaye shinkafa
kamar ’yan tsaki.

Sai na ga ya ture cokulan gefe,
ya naɗe hannun riga, ya sa yatsu.
Na yi hamdala a zuci, na fito da nawa.

Can aka ajiye wani romo ja, tsararo, a ɗan kofi.
Na kurɓa.
Barkono ya fara yi mini sallama, masoro ya biyo,
sannan can ƙasa, Hakama, wallahi,
tsamiya.
Irin ta bayan gidan nan,
wadda awaki ke tsinta ba mai kora,
wadda muke ba ’yan Maigatari buhu guda
a kuɗin sabulu, har mu yi godiya.

Na ɗago zan faɗa masa
sai na tarar ya rufe ido.
Ya ce haka uwarsa ke yi masa in mura ta kama shi.
Akwai bishiyar a ƙofar gidansu,
ta tsufa, uwar ma haka,
shekara huɗu rabonsa da su biyun.
Bai kai nata ba, in ji shi, gishiri ya yi yawa,
amma ya kama hanya.
Na rasa ta cewa. Na ce Allah ya sada ku.
Ya ce amin, yadda ya ji muna yi.

Takardar kuɗi ta zo a jakar fata.
Ya sa tafi ya rufe,
amma idon da ke hango gwazarma a tushen gero
ba ya kuskuren lamba.
Takin gonar fadama ne, Hakama, muka cinye mu biyu.
Kuma shi ne fa da safe
ya zaftare mini mudu biyu, wai akwai tsakuwa.
Ruwan da na sha ya tsaya mini a wuya.

Ungo wannan, ’yar tsaba ce mai ƙamshi da sukari,
a bakin ƙofa suke bayarwa. Raba wa yara.

Ya ce zai biyo ran Alhamis in kasuwa ta watse.
Gobe ki sa Ɗanliti ya hau bishiyar,
ya zaɓo masu nama, ba na ƙasa ba.
Ki daka masoro da yawa.
Ki sassauta gishiri.
Cokali kuwa ko ɗaya kar ki fito da shi.

Maganar mudu biyun nan,
sai ya kurɓa ya rufe ido zan tayar.